Baƙo Raɓa: Wuni Guda a Garin Masunta

Mu mutanen tudu ne. A Jos aka haife mu, muka tashi a unguwar Abbatuwa, wadda ake rubuta sunanta Abattoir a jikin allunan hanya, inda ƙarar wasa wuƙa da kukan shanun da aka koro daga Karar Bukuru suke tashin mutum tun gari bai waye ba. Garinmu yana bisa tsauni, tsawon sama da mita 1,200 daga fuskar teku, kuma kafin mutum ya ga tekun da idonsa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota zuwa Legas. Iyakar ruwan da muka sani a ƙuruciya shi ne kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a wajen Rayfield da Bukuru, waɗanda iyaye suke tsoratar da mu da su, don ba ɗan mutum ɗaya suka ci ba. Kifi kuwa iri biyu muka sani: banda, wadda ake kawowa cikin kwali daga Baga, da kifin sanyi, wanda yake zuwa a sandare kamar itace. Mu biyu ne masu wannan labari, miji da mata. Maigida ɗan mahauci ne, uwargida kuma 'yar mai sayar wa mahauta tuwo ce a bakin ƙofar mayanka. Dukkanmu aikin koyarwa muka yi har muka ajiye.

To, me ya kai irinmu Bahar Rum? 'Yarmu ce, wadda take aikin jinya a Ingila, ta ga cewa mun shekara arba'in tare ba mu taɓa fita don hutu kawai ba, in ban da aikin Hajji, wanda shi kuwa ba hutu ba ne. Ta yi tari, ta biya mana kuɗin kwana 7 a cikin ɗaya daga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Wahalar neman biza ba za mu tsaya a kanta ba, duk wanda ya taɓa riƙe koren fasfo a layi ya san ta. Mun shiga jirgin a Italiya cikin watan Oktoba na 2023. Mai karatu ya ƙaddara wata unguwa ce guda aka ɗora bisa ruwa, bene kan bene sama da hawa goma, da ɗakunan kwana, da kantuna, da wuraren wanka, da ɗakin cin abinci wanda ba a rufe shi. Tsarin tafiyar shi ne a yi ta gudu da dare, gari na wayewa a tsaya a wata tasha, a buɗe ƙofa mutane su bazu cikin gari, kafin la'asar sakaliya kowa ya dawo. Wanda ya makara, jirgi ba ya jiransa. A cikin jirgin kifi muka lazimta, tun da shi ne naman da ba ya bukatar a tambayi wanda ya yanka. Maigida ya yi ta mita cewa a ce kamarsa, ɗan gidan fawa, ya yi mako yana tsince ƙaya.

Ranar Lahadi muka wayi gari a Malta, wata 'yar ƙasa ta tsibirai a kudancin Sisili, wadda faɗinta duka bai wuce murabba'in kilomita 316 ba, amma mutanenta sun haura rabin miliyan. Jirgi ya shiga tashar Baleta, babban birnin ƙasar, ta tsakanin ganuwoyi na farin dutse mai ratsin rawaya, masu tsawon da sai mutum ya riƙe hularsa kafin ya ga ƙarshensu. Aka sanar da cewa ƙarfe 5:30 na yamma za a janye tsani. Yawancin abokan tafiyarmu suka bi masu yi musu jagora zuwa coci-coci da gidajen tarihi. Mu kuwa, da yake 'yan kasuwa ne suka haife mu, muka tambaya ina kasuwa take ci yau. Aka ce mu tafi Marsaxlokk, wanda ake furtawa Marsashlok, wani garin masunta a kudu maso gabas, tafiyar kamar rabin sa'a a bas. Muna shiga bas ɗin uwargida ta dafe ƙirji, ganin direba ya kama hannun hagu. Sai da muka tuna cewa su ma Ingilishi ne suka mulke su har zuwa 1964, kuma mu ma da hagu muke tuƙi kafin a sauya a watan Afrilun 1972, lokacin muna makarantar firamare ana koya mana yadda za mu tsallaka titi sabuwa.

Bas ya gangaro daga wani ɗan tudu, sai ga garin a gabanmu, ya zagaye wani lungun teku kamar bakin ƙwarya. Gidaje gajeru ne, na dutse, da ƙofofi masu launi. A cikin ruwan kuwa kwale-kwale ne birjik, an shafe su da shuɗi da rawaya da ja da kore, kowanne yana rausaya a inda aka ɗaure shi. Luzzu suke kiran irin wannan jirgi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne kowane ɗaya an yi masa idanu biyu a goshi, har da gira. An ce al'ada ce tun ta zamanin Finikiyawa, don tsare masunci daga sharrin teku da kambun baka. Ba mu yi musu dariya ba. Mun fito daga ƙasar da direban tirela yake rataye laya a madubi, kuma duk wanda abincinsa yake a wurin da ake mutuwa, ba ya raina tsari.

Kasuwar ta bi bakin ruwa ta miƙe. Ashe mun ɗan makara, domin masu sayen kifi na gaske tun da sassafe suke zuwa, zuwa hantsi kuwa rumfunan tsaraba ne suka fi yawa: zuma, da saƙar hannu, da riguna masu hoton kwale-kwale. Duk da haka akwai sauran tebura na kifi a tsakiya, can muka nufa, ƙarni yana yi mana jagora. A nan ne kunnenmu ya fara tsintar abin da bai zata ba. Wata dattijuwa mai sayar da kifi ta ɗaga murya ta ce da wani "hamsin". Muka dubi juna. Jim kaɗan muka ji wani abu mai kama da "tletin", sa'an nan "sittin". Da muka matsa muka tambaye ta da Ingilishi, sai ta yi dariya ta shiga ƙirga mana da harshensu, mu kuma muna mayar mata da namu: ta ce "oshrin", muka ce ashirin, ta ce "erbin", muka ce arba'in, ta ce "tmenin", muka ce tamanin. Ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji. Muka koma kan ranakun mako, nan ma haka: Tnejn da Litinin, Tlieta da Talata, Hamis da Alhamis, Sibt da Asabar, ranar da muke ciki kuma il-Hadd, watau Lahadi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Larabawa sun ci Malta a shekarar 870, kuma harshen da mutanen tsibirin suke yi har yau jikan Larabcin Sisili ne, sai dai ya sha aro daga Italiyanci da Ingilishi, ana kuma rubuta shi da baƙaƙen boko. Kifi a wurinsu hut ne, kasuwa suq, teku bahar, sunan garin kansa ya fara da marsa, watau tashar jirgi. Mu namu kalmomin sun zo mana ta hannun malamai da fatake da suka ratso Sahara, su kuwa nasu harshen uwa ne. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne inda muka haɗu da su, a lissafin kuɗi da ranakun mako, wato daidai abin da ɗan kasuwa yake bukata. Ɗaliban nazarin harshe da suke wahalar neman abin da za su rubuta kundi a kai, ga aiki nan yana jira. Wani abu kuma: mutanen nan Kiristoci ne 'yan Katolika, cocinsu yana tsaye a tsakiyar gari yana fuskantar ruwa, amma sunan Ubangiji a bakinsu Alla ne, azuminsu na kafin Ista kuma Randan suke ce masa. Wani Bature da muka zo tare a jirgi ya yi ta mamakin wannan. Mu bai dame mu ba ko kaɗan, don mun girma muna jin maƙwabtanmu 'yan COCIN da ECWA suna kiran Allah da Hausa kowace safiyar Lahadi.

Kifin da ya cika teburan a wannan lokaci shi ne lampuki, dogo, mai faɗin goshi, bayansa kore-kore, cikinsa ruwan zinariya. Kakarsa tana farawa ne daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen shekara. Yadda ake kama shi ya cancanci a faɗa. Masunta sukan sassaro ganyen dabino, su ɗaure shi ya zama kamar asabari, su kai shi can tsakiyar teku, su ɗaure masa dutse mai nauyi a ƙasa don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Shi lampuki yana son inuwa, sai ya taru a ƙarƙashin ganyen. In masunci ya dawo ya tarar sun yi yawa, sai ya zagaye su da taru ya ja. Maigida ya ce wannan ai dabarar mai tarko ce, ka ba dabba abin da take so, ta kawo kanta. A lokacin wasa muka ɗauki maganar.

A bayan teburin dattijuwar nan akwai wani saurayi baƙar fata, sanye da takalmin roba da gyauton leda, ya sunkuya yana gyaran kifi. Ba mu kula da shi ba da farko, domin baƙaƙe ba su da wuyar gani a Malta, su ne a wuraren gini da wajen kwashe shara da bayan ɗakunan girki. Hannunsa ne ya tsayar da maigida. Kafin ya tsaga kowane kifi sai ya goga wuƙarsa a jikin wata sau biyu, ya share ta a cinya, sa'an nan ya sa babban yatsa a gadon bayanta ya bi jikin ƙashi a hankali, kamar mai fiɗa da yake tsoron huda fata. Maigida ya raɗa wa uwargida cewa wannan hannu ba a kan kifi ya koyi aiki ba. Ita kuwa hankalinta yana kan farashi. Ta buga lissafin yuro zuwa naira a zuciyarta, ta ce da ƙarfi, da Hausa, tun da a zatonta ba mai ji: "Kai, wannan kifi ko da zinari aka kiwata shi!"

Saurayin bai ɗago kai ba, ya ce: "Mama, a kawo kudi, za a rage."

Sai da ya faɗa sannan ya ankara da abin da ya fito daga bakinsa. Wuƙar ta tsaya. Ya ɗago ya dube mu, mu ma muna dubansa.

"Samari, daga ina?" in ji maigida.

"Daga Najeriya, Baba."

"Wannan mun ji. Hausar nan taka ta Jos ce."

Ya ajiye wuƙar, ya cire safar hannu, ya zagayo ya durƙusa har ƙasa a kan jiƙaƙƙen siminti. "Sannu da zuwa, Baba. Sannu, Mama. Ni dan Giring ne, bayan Abbatuwa. Mamana yana nan har yanzu."

Wannan "yana" da ya yi wa mahaifiyarsa, wanda muka shekara talatin muna jan kunnen ɗalibai a kansa da jan biro, ba mu taɓa jin abin da ya yi mana daɗi kamarsa ba. Uwargida ta kama kafaɗarsa ta tashe shi. Ba za mu faɗi sunansa ba. Kirista ne, ɗan ƙasa, kuma tun yana ɗan shekara goma yake ɗaukar wa mahauta kayan ciki zuwa wurin wanki, har suka ba shi wuƙa. Da maigida ya ambaci sunan mahaifinsa, yaron bai san shi ba, amma ya san rumfar, ya san wanda ya gaje ta. Dattijuwar ta ga abin da yake faruwa, ta ce ya ƙarasa kwandon da yake gabansa, in an tashi kasuwa ya je ya zauna da mutanensa.

Muka yi zaman jiransa a wani gidan abinci a bakin ruwa. A nan mai kawo abinci ya nuna mana bakin lungun tekun, ya ce a can jiragen yaƙin Turkawa suka yada zango a 1565 da suka zo cin tsibirin suka kasa, a can kuma Bush na Amurka da Gorbachev na Tarayyar Sobiyet suka gana cikin jirgin ruwa a Disambar 1989, ana tsakiyar hadari. Muka gyaɗa kai. Gaskiya idonmu yana kan agogo.

Wajen ƙarfe biyu ya iso, ya wanke jiki, ya sa riga mai tsabta. Muka sa aka kawo masa soyayyen lampuki, ya ce shi in da hali a ba shi wani abu daban. Da farko hirar gida aka yi: ko an gyara titin Dogon Ƙarfe, ko har yanzu ana sanyin Disamba irin na da, nawa ake sayar da kilon nama. Sai da maigida ya tambaye shi ta yaya ya zo, sannan muryarsa ta sauka. Ya bar Jos a 2017. Daga Kano ya shiga Damagaram, daga nan Agadas, inda ya yi makonni yana jiran mota. Suka ratsa hamada a bayan akori-kura, kowa ya rungume sanda a tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo in barci ya ɗauke shi. Ya yi aiki a Sabha, ya yi a Turabulus, an tsare shi sau biyu, sau biyu ana bugo waya gida a nemi kuɗi. A 2019 aka zuba su cikin jirgin roba da dare. Ya ce abin da ba ya mantawa shi ne man fetur da ya gauraye da ruwan gishiri a ƙasan jirgin, yana cin fatar waɗanda suke zaune a tsakiya, mafi yawansu mata. Ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mana tabon. Kwana uku suka yi kafin a tsince su. Bai faɗi su nawa suka tashi ba, bai faɗi su nawa suka sauka ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Ba wai ba mu taɓa jin irin wannan ba. Mun ji a rediyo lokacin da jirgi ya nutse kusa da Lampedusa ranar 3 ga Oktoba, 2013, mutum sama da 360 suka halaka. A ƙarshen wannan watan aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, da yawa daga cikinsu Hausawan ƙasar Kance. A Afrilun 2015 wani jirgin ya kife da mutum kusan 800, aka kawo gawa 24 nan Malta aka binne ba tare da an san sunan ko ɗaya ba. Duk mun ji, mun yi salati, mun ci gaba da shan shayi. Amma ji a rediyo daban, tabo a ƙafar yaron da ya san rumfar mahaifinka daban.

Da ƙarfe uku ta gota sai ya fito da abin da yake cinsa. Yana da ƙane, wanda ya gaji teburinsa a mayanka, kuma ƙanen ya fara tara kuɗin hanya. "Baba, na yi masa magana a waya har na gaji. Cewa yake baƙin ciki nake masa, na samu ba na so ya samu. Ku manya ne. Ku kun zo kun gani da idonku. Don Allah ku je ku gaya masa kada ya zo." Ya ce mahaifiyarsu ba ta san rabin abin da ya faɗa mana ba, kada mu gaya mata. Ya ciro wata wuƙa sabuwa a naɗe cikin jarida, mai kyawun ƙarfe, ya ce a kai wa ƙanen, ko ta sa ya ji sana'ar tana da daraja. Dole muka ƙi karɓa, domin a ƙofar jirginmu ana binciken kaya kamar filin jirgin sama, za su ƙwace ta. Sai ya mayar da ita, ya ninke takardar yuro 100 ya danƙa wa uwargida, ya kwatanta mana gidan. Ya raka mu har bakin bas. Muka ɗauki hoto tare, kwale-kwalen nan masu idanu suna bayanmu.

Mun isa jirgi saura minti ashirin a janye tsani. Aka duba katinmu, aka yi mana murmushi, aka miƙo mana tawul mai sanyi na goge fuska. Da dare muka hau can sama muka tsaya a bakin ƙarfe. Ana kiɗa a bayanmu, wasu suna rawa. A gabanmu kuwa babu komai sai baƙin ruwa, wanda fitilun jirgi ba sa haska ko taku ashirin daga cikinsa. Turabulus tana kudu da mu. A nan ne maganar yaron ta fara yi mana nauyi, inda ya ce mun gani da idonmu. Me muka gani? Mun ga gari mai kyau, da ruwa mai launin shuni, da saurayi lafiyayye mai aikin yi da waya mai tsada. Tekun da ya ratsa, mu mun ratsa shi muna barci a kan katifa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma raɓar da ta sauka da hantsi ta bushe kafin la'asar ba ta da bakin ba da labarin damina. Ga shi kuwa an ɗora mana shaida.

Mun dawo Jos, muka yi ta jan ƙafa. Dalili na farko kunya ce ta rashin sanin abin faɗa. Na biyu kuwa, sai mun faɗi gaskiya: tun bayan rikicin Satumbar 2001 iyalanmu suka tashi daga Abbatuwa suka koma wani gefen gari, kamar yadda dubban mutane suka yi ta musayar unguwanni, kowa ya koma cikin nasa. Mukan wuce ta babban titi, mukan shiga mayanka, amma lungunan da muka yi wasan ɓuya a cikinsu mun fi shekara ashirin ba mu taka su ba. Yaron da muka rungume a Malta, da a gida ne, mai yiwuwa har mu mutu hanya ba ta haɗa mu zama a tebur ɗaya ba. Muna cikin wannan jinkiri sai muka ji a rediyo, a ƙarshen Nuwamba, cewa gwamnatin soja ta Nijar ta soke dokar 2015 wadda ta haramta safarar baƙin haure ta Agadas. Uwargida ta kashe rediyon ta ce gobe za mu tafi.

Gidan bai yi wuyar ganewa ba, shi kaɗai ne mai sabon kwano a layin. Mahaifiyar ta fito tana goge hannu a zane, da ta ji daga inda muke sai ta zauna a ƙasa. Ta karɓi waya ta ƙura wa hoton ido, ta ce ya rame, alhali kuwa bai rame ba. Ta kawo mana ruwa, ta aika a sayo lemo, ta yi ta sa mana albarka da sunan Allah ɗin nan da muka ji a bakin dattijuwar Marsashlok. Maƙwabta suka leƙo, wata tsohuwa ta gane uwargida, ta kira ta da sunan mahaifiyarta mai tuwo. Muka ba da kuɗin, muka ce yana lafiya, yana gaishe ta. Iyakar abin da aka ba mu izinin faɗa mata ke nan.

Ƙanen muka ja gefe, ƙarƙashin wani mangwaro. Yaro ne mai natsuwa, da jini a gefen farcensa, alamar daga wurin aiki aka kira shi. Maigida ya faɗa masa komai: sandar da ake rungumewa, da wayar neman kuɗin fansa, da fetur, da tabo. Ya saurara bai katse ba, kansa a ƙasa. Da aka gama ya ce: "Baba, na gode. Na san ba ƙarya kuke ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ɗaga ido ya dubi rufin gidansu. "Amma wannan kwanon, shekara nawa zan yi a kan tebur kafin in saye shi?" Maigida ya buɗe baki zai kawo maganar haƙuri, sai ya tuna cewa shi ma kuɗin da ya kai shi Malta daga Ingila aka aiko su, ya rufe. Uwargida ce ta ce da shi, da tana iya mayar da hannun agogo, da ta fi son 'yarta a kusa da ita ko da ba a je yawon teku ba. Ba mu sani ba ko ya yarda, ba mu ma tabbata ita kanta ta yarda ba. Ya roƙa a tura masa hoton. Muna kallo ya sa yatsu biyu ya buɗe shi, ya wuce fuskar wansa, ya tsaya a kan gidajen da suke bayan kwale-kwalen. Muka ba shi labarin wuƙar da ba mu iya kawowa ba. Nan ne kaɗai ya yi murmushi, ya tambaya ko mai ƙotar itace ce.

Tun daga ranar muka sauya wurin sayen nama. Kowace Asabar mukan ɗauki keke daga unguwarmu har Abbatuwa, mu wuce teburan da suka fi kusa da ƙofa, mu nufi nasa a can ciki wajen masu kayan ciki. Maigida yakan tsaya ya yi masa gyara a kan yadda ake fitar da tozo, shi kuma yakan ƙara wa uwargida ƙashin miya. Makon jiya mun tarar da wani yaro a kan teburin, gabanmu ya faɗi, sai yaron ya ce ya tafi Kara ne sayen sa, zai dawo da azahar. Muka sami benci muka zauna jiransa.